Tsohon gem ko na zamani? Amsoshin mai gidan gem a Garwa

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina riƙe da gidan gem a Garwa, tun lokacin da tele biyu masu ƙeya da benci ɗaya su ne dukiyar shagon gaba ɗaya. Tambayoyin da ake yi mini ba su canza sosai ba, masu yin su ne ke canzawa. Yaron da ya taɓa roƙona in bar shi ya ƙarasa wasa bashi, yau shi ne ke zuwa riƙe da hannun ɗansa yana neman shawarar injin da zai saya. Ga amsoshin nan kamar yadda nake ba da su a bakin shago. Ra'ayina ne, na wanda ya buɗe cikin injinan nan ya kakkaɓe ƙurarsu, kuma wanda bai yarda ba benci na nan, ya zo mu yi musu. In na ce maneti, abin riƙewa nake nufi, wanda 'yan uwanmu na Yola da Mubi ke ce wa fad.

Kawu, da gaske tsofaffin gem sun fi na yanzu daɗi, ko dai kewar ƙuruciya ce ke damun ku?

Kewar na ciki, ba zan musa ba. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma na sha kunna wani tsohon wasa da nake ta yabo, minti biyar na kashe shi don kunya. Da yawansu tarkace ne. Waɗanda muke tunawa su ne 'yan kaɗan da suka yi fice, sauran an manta da su, kuma sun cancanci a manta.

Amma akwai abin da ba kewa ba ne. Tsofaffin wasanni an ƙera su ne don mutum biyu a gaban tele ɗaya. Ka jona waya, ka danna, wasa ya tashi, abokinka na gefenka kafaɗa da kafaɗa. In ka ci shi, fuskarsa kake kallo, shi kuma ya ce manetinsa ne ya lalace. Mafi yawan manyan wasannin yau an gina su ne don mutum ɗaya a ɗakinsa, mai kuran, wato wutar lantarki, da ba ya yankewa da intanet mai gudu da katin banki. Wannan mutumin ba a unguwarmu yake ba. Don haka idan aka ce mini wane ya fi, ni tambayar da nake mayarwa ita ce: ya fi a ina? A Paris ko a unguwar Yelwa ta nan Garwa cikin watan Afrilu?

Wane inji ne ya fara shigowa nan, Nintendo ko Sega?

A hannun yawancinmu, ba ko ɗaya. Abin da ya cika kasuwa shi ne kwaikwayon Nintendo, baƙin inji da aka rubuta wa Terminator, da kaset ruwan ɗorawa mai alkawarin wasa 9999999 a ciki. Kana sauka cikin jerin sai ka ga wasa goma ne ko ashirin ake ta maimaitawa, an canza musu launi ko matakin farawa. Kayan suna biyo 'yan kasuwa ta Mubi da Banki, wasu ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundere.

Na asalin kuwa, Nintendo ta fitar da Famicom a Japan a 1983, ya isa Amurka da sunan NES a 1985, shekarar da Super Mario Bros. ya fito. Sega ta kawo Mega Drive a 1988, Sonic ya biyo baya a 1991. Mega Drive ya zo nan a gidajen masu hali, kuma a kansa ne da yawa suka fara ganin Mortal Kombat. Mu dai ba mu san ana wata gasa tsakanin kamfanonin biyu ba. Duk abin da ke da kaset, gem ne.

Me ya sa tsofaffin suke da wuya haka? Ko minti biyu ba na yi a Contra.

Dalili biyu ne. Na farko gado ne daga injinan da ake jefa wa tsaba: mai injin yana son ka mutu da wuri ka sake jefa kuɗi, kuma Contra daga can ya fito a 1987 kafin ya shiga gida. Na biyu ƙarancin wuri. Super Mario Bros. gaba ɗayansa, da matakansa 32 da kiɗansa, kusan kilobait 40 ne, bai kai hoto ɗaya da kake turawa a WhatsApp ba. Wasan da za a iya gamawa cikin awa ɗaya, hanyar da zai daɗe a hannunka ita ce ya yi ta kashe ka har ka haddace shi. Ga shi babu ajiya. An ɗauke kuran kana mataki na bakwai, sai ka koma farko.

Shi ya sa sirrin nan na Konami, kamfanin da ya yi Contra, ya zama kamar laƙani a tsakaninmu: sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A, ka samu rai 30 maimakon 3. Yaron da ya san shi a unguwa ba ya sayen ƙosai da kuɗinsa.

Kada dai ka ɗauka wuya ta ƙare. Ka gwada Elden Ring na 2022, ka dawo ka ba ni labari.

Hura kaset da baki yana gyara shi?

A'a. Abin da ke gyarawa shi ne cirewa da sake sakawa, don haƙoran ƙarfen su zauna daidai. Danshin numfashi tsatsa yake jawowa. Ni ma na yi shekaru ina hurawa, kuma har gobe in na ɗauki kaset bakina ne ke fara motsi.

Na sami tsohuwar bindigar harbin agwagwa, amma ba ta aiki a telena. Ta mutu ne?

Mai yiwuwa lafiyarta lau. Bindigar ba ta harba komai, ido ne a bakinta. Kana jan kunama sai allo ya yi baƙi na ƙiftawar ido, farin tabo ya bayyana inda agwagwar take, idon ya duba ko ya ga haske. Tele mai ƙeya tana nuna wannan nan take, falalen tele na zamani kuwa yana ɗan jinkiri wajen sarrafa hoto, sai lokacin ya saɓa. Ka nemi tsohuwar tele wajen masu gyara.

Me ya sa har yau ba ka jefar da PlayStation 2 ba?

Don shi ke biyan kuɗin haya. PS2 ya fito a Japan a shekara ta 2000, an sayar da fiye da miliyan 155, ba a daina ƙera shi ba sai wajen 2013. Abin da ya yi yawa haka a duniya, kayan gyaransa ba sa wuya: ido, fanka, waya, maneti, duk akwai, kuma kowane mai gyaran rediyo ya san cikinsa. Siririn samfurinsa ba ya cin wat 50, ƙaramin grup, wato janareta, ma yana ɗaukar uku da telensu. In idon ya gaji da karanta faifai, akwai dabarar da ake sa wa a katin ajiya mai mega 8, wasa ya riƙa tashi daga filas.

Sai kuma abin da ke cikinsa. GTA San Andreas na 2004, God of War da Resident Evil 4 da Need for Speed Most Wanted duk na 2005, Mortal Kombat Shaolin Monks da mutum biyu ke bi tare, kokawar SmackDown da yara huɗu ke ihu a kanta. Ban ga wani inji da ya tara irin wannan ba. Hotonsa a babban falalen tele ya yi dishi-dishi, wannan gaskiya ne, shi ya sa nake haɗa shi da mai ƙeya, inda aka yi shi don ya zauna. Yaro mai dala goma a aljihu, a nan yake samun wasansa na minti biyar, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

PES ko FIFA?

Wannan tambaya ta raba abokai a shagon nan. Ni ɗan PES ne, kuma ina da hujja.

Tun a PlayStation na farko, wanda ya fito a ƙarshen 1994, muke buga Winning Eleven na Konami, wasan ƙwallon da daga baya muka sani da PES, da rubutun Japananci da ba mai iya karantawa. Mun haddace inda za a danna kamar makaho da hanyar masallaci. Mai sharhi yana ihun "shuto", mu ma muna maimaitawa. Kowa ya san dabarar ɗauko Roberto Carlos daga baya a mai da shi ɗan gaba saboda gudu da ƙarfin ƙafa, har sai da muka kafa doka a shago cewa ba a yi. Konami ba ta da izinin sunaye da yawa, sai ka ga Roberto Larcos, ka ga Liverpool ta zama Merseyside Red. Ba wanda ya damu, don ƙwallon tana da nauyi, ba ta manne a ƙafa, kuma ci ɗaya ba ya kama da wani. PES 6 na 2006 shi ne ƙololuwa a wurina. A nan ne Adriano na Inter ke harbi daga tsakiyar fili mai tsaron gida ya bi ta da kallo, a nan ne kowane ɗan Kamaru ke rigen ɗaukar Barcelona saboda Eto'o. Ga kuma Master League, inda kake farawa da ƙagaggun 'yan wasa irin su Castolo da Minanda da Ximelez, ka yi ta tara maki har ka sayi gwani ɗaya. Akwai dattawan da yau ba za su iya gaya maka sunan maƙwabcinsu na da ba, amma sun tuna Castolo.

FIFA ta kamfanin EA ta fara a 1993, kuma shekaru da yawa muna yi mata kallon kyan ɗan maciji: riguna na gaskiya, sunaye na gaskiya, wasa kuwa kamar a kan santsi. Amma a zamanin PS3 ta gyara kanta sosai, PES kuma ta yi tuntuɓe, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Da aka zo Satumban 2021 Konami ta sauya suna zuwa eFootball, ta saki wasa kyauta amma ɗanye, fuskokin 'yan wasa a karkace, har kamfanin ya fito ya nemi afuwa. Sun gyara shi daga baya, kuma a waya ya karɓu ƙwarai. Ita ma EA ta rabu da hukumar FIFA, tun 2023 sunan wasan EA Sports FC, ko da yake a nan ba mai kiran sa haka. Yara na yanzu FIFA suke nema, ni kuma ɗan kasuwa ne, ita nake sa musu a PS4.

Ranar da na fi jin daɗin musun nan ita ce lokacin gasar cin kofin Afirka a Janairun 2022, da Najeriya ta buga wasannin rukuninta a filin Roumdé Adjia na nan Garwa ta kuma ci Masar 1 da 0. Baƙi daga Yola da Kano suka cika unguwa, da dare su shigo shago a haɗa Najeriya da Kamaru. Su FIFA suka iya, mu muka ja su zuwa tsohon PES da aka yi wa kwaskwarima da sababbin sunaye, Vincent Aboubakar ɗan garin nan a gaba, wanda ya ƙare gasar da ƙwallo 8. Abin da ya faru a bencin nan ba zan faɗa ba, baƙi ne.

Yaya, to babu abin da na zamani suka fi kenan?

Akwai, da yawa. Labari na farko. God of War na 2005 mutum ne mai fushi yana sara, na 2018 kuwa uba ne da bai iya magana da ɗansa ba suna tafiya kai tokar mahaifiyar yaron kan dutse. Na ga ƙato mai gemu ya ajiye maneti ya yi shiru a kansa. Red Dead Redemption 2, shi ma na 2018, za ka iya hawa doki ka yi awa guda ba ka harbi kowa ba, kana kallon hadari na haɗuwa, kuma ba ka ji ka ɓata lokaci ba. Sarrafawa ma ta gyaru: wanda ya saba da kyamarar yau in ya koma Resident Evil na farko zai yi ta karo da bango. Wasa yana ajiye kansa da kansa, abin da ya fi amfanar mu da kuran ke yanke wa fiye da waɗanda aka yi shi dominsu. PS5 kuma ya kusan kashe jiran lodi.

Kuma ba a daina yin na zama tare ba gaba ɗaya. It Takes Two na 2021 ba ya buguwa sai da mutum biyu. Tekken da Mortal Kombat da Street Fighter suna nan da ransu, Mario Kart 8 Deluxe yana raba allo gida huɗu.

Me ya fi ba ka haushi a na zamanin?

Cewa ka sayi abu amma bai zama naka ba. Ka kawo faifai sabo fil, ka sa, inji ya ce sai ya sauke gyara na giga masu yawa kafin ka more shi. Wasu wasannin Call of Duty sun haura giga 100, alhali PS5 na farko da aka ce yana da 825, abin da ke hannunka bai kai 700 ba. Ka lissafa wannan da kuɗin data da rezo, wato sabis ɗin waya, da ke zuwa yana tafiya. A da kamfani ba shi da hanyar gyara wasa bayan ya fita, dole ya gama shi kafin a buga faifai. Yanzu ana saki a gyara daga baya: Cyberpunk 2077 ya fito a Disamban 2020 a lalace a kan PS4 har Sony ta cire shi daga kantinta na wata shida. Mafi muni, a 2024 Ubisoft ta rufe na'urorin da wasan mota The Crew ya dogara da su, faifan da mutane suka saya da kuɗinsu ya zama marfin kofi. Kaset ɗin Mario na 1985 kuwa in ka share shi yau zai tashi.

Sai rajista. Kamaru da Chadi ba sa cikin jerin ƙasashen da ake buɗe asusun PlayStation da su, don haka kowa a nan mazaunin Faransa ne a takarda, yana sayen katin yuro ta hannun wani. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya. Sabon wasa na yuro 80 ya haura jaka 52, PS5 da ya fito a Nuwamban 2020 kan yuro 499 ya kama wajen jaka 327 tun kafin kuɗin jirgi da kwastan da ribar ɗan kasuwa. Bugawa da mutane ta intanet ma, a yawancin wasanni, sai ka biya kuɗin wata.

Ina da 'yan kuɗi, wanne zan saya?

PS4 na hannu, in dai ba kuɗin ne suka yi maka yawa ba. Ya fito tun 2013, wasanninsa sun cika kasuwa, ana musayar faifai, masu gyara sun san shi. Kafin ka biya, ka sa wasa mai nauyi ka bar shi rabin awa. In fanka ta fara kuka kamar jirgi zai tashi, cikinsa ya toshe ko man da ke kan ƙwaƙwalwarsa ya bushe. Ka duba ramin HDMI, ka gwada faifai ya shiga ya fita, ka saki sandunan maneti ka ga ko ɗan wasa na tafiya shi kaɗai, cutar da ta addabi manetin zamani. Ka tabbatar mai sayarwa ya cire asusunsa. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Kowanne ka saya, maƙiyansa uku ne a ƙasar nan. Zafi: Maris da Afrilu Garwa da Marwa da Kusuri suna haura digiri 40, PS5 kuma yana jan wajen wat 200 yana fitar da su zafi, don haka kada ka kulle shi a kabad. Ƙura: da hunturu ka rufe shi da ƙyalle in yana kashe, ka cire in zai yi aiki, a buɗe a share sau ɗaya a shekara. Sai kuran: idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya da rani ana rabon wuta, kuma dawowarta ce ke kisa, ba tafiyarta ba. Ka sayi regilata, ka zare waya da zarar an ɗauke. In tsohon inji ne daga Amurka ko Japan, ka karanta bayansa tukuna, don nasu 110 ne ko 100, namu 220. PS2 na farko da na mallaka haka na ƙona shi da hannuna, ko minti ɗaya bai yi ba, kuma har yau ina jin ƙaurin.

Xbox da Nintendo fa, me ya sa ba a cika ganin su ba?

Xbox inji ne mai kyau da bai sami dangi a nan ba. Na 360 ya yi suna da jan zobe, alamar mutuwa saboda zafi, har Microsoft ta tsawaita garanti zuwa shekara uku a 2007, garantin da bai iso Binuwai ba. Tun daga nan mutane suka ja baya. In manetinka ya lalace ba wanda zai ara maka, faifanka ba abokin musaya.

Switch na 2017 kuwa ina ganin an raina shi ba da haƙƙi ba. Yana da batir, an ɗauke kuran wasa bai tsaya ba, kuma bai cin wat 20. Matsalarsa wasannin Nintendo ba sa sauka a farashi, samarinmu kuma suna ganin Mario na yara ne, har sai an zaunar da su a Mario Kart ƙanwarsu ta wuce su.

Malam, ɗana ya nace sai GTA. In saya masa?

Alhaji, in bai kai shekara 18 ba, kada ka saya. A gaban kowane kwali na Turai akwai lamba, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18, kuma ba wuyar wasan take nunawa ba, abin da ke ciki take nunawa. GTA 18 ne: sata, kisa, ƙwaya, gidajen banza, ashar. Mortal Kombat na yanzu ma 18 ne, kuma jinin da muke dariya a kai a Mega Drive yanzu ya zama kamar mahauta. God of War cike yake da gumakan Girka da na mutanen arewacin Turai, in wannan zai dame ka gara ka sani tun yanzu. Ƙwallo, tseren mota, Crash Bandicoot, Mario, waɗannan ba ruwansu.

Amma abin da na fi so iyaye su sa wa ido ba jini ba ne, kuɗi ne. A cikin FIFA akwai sashen Ultimate Team, inda ake sayen ƙunshi a rufe ba ka san ɗan wasan da ke ciki ba. Beljiyam ta ɗauki irin wannan a matsayin caca a 2018, EA ta daina sayar da makin da ake sayen ƙunshin da shi a can a farkon 2019. Ni ba malami ba ne, ba na ba da fatawa, amma a shagona ba a sa kuɗi a kan wasa, wanda aka ci ya biya kuɗin tele shi ke nan, kuma ana kiran salla nake kashe allo ko da fanareti ake bugawa. Yaro da kayan lakwal, wato makaranta, ba ya shigo mini kafin a tashi.

Gem yana zama jaraba?

Yana iya zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin kundin cututtukanta a 2019, amma da sharaɗi: mutum ya kasa tsayawa, ya fifita wasa a kan sauran rayuwarsa, ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, kuma abin ya ɗauki kamar shekara. Yaron da ya yi awa biyu ranar Lahadi ba ya ciki. Wanda na fi jin tsoro shi ne mai waya a ƙarƙashin bargo ƙarfe biyun dare, don na shago ina ganin sa, ina kuma iya kora shi gida.

Akwai wasan da aka yi a ƙasarmu, ko wanda muke ciki?

Akwai Aurion: Legacy of the Kori-Odan, na kamfanin Kiro'o Games da Olivier Madiba ya kafa a Yawunde, ya fito a kwamfuta a 2016. Labarin sarki ne da sarauniya da aka yi wa juyin mulki ranar bikinsu, zanen hannu, kaya da sunaye na Afirka. Yana da 'yan kurakurai, amma an yi shi a ƙasar da kuran ke yanke wa masu yin sa kamar yadda yake yanke mana, kuma wannan ya isa a cire musu hula.

Manyan kamfanoni kuwa in sun tuna da Afirka, fagen yaƙi suke gani. Far Cry 2 na 2008 ƙasa ce marar suna da bindigogi da zazzaɓin cizon sauro, Resident Evil 5 na 2009 ya sha suka kan yadda ya nuna baƙaƙen mutane. Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon garin nan, ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2008, amma in kana son ta a tele sai ka zauna ka gina ta da hannu, kore da fari, ɗan wasa bayan ɗan wasa. Wani yaro daga Njamena ya taɓa kwana biyu a nan yana gina tawagar Sao ta Chadi, ya ba kowa gudu 99. Ina mamakin ranar da wani zai yi wasan dambe na gargajiya, da kiɗan kalangu da kirari, don duk abin da Tekken ke buƙata yana ciki.

Waya ba za ta kashe gidan gem ba?

Ta rage mana ciniki, musamman da rana. Free Fire da PUBG da eFootball suna aljihun kowa, har wasannin PSP, ƙaramin injin hannu na Sony, ana bugawa a waya. Amma da magariba ta wuce benci yana cika, don a waya ba mai ganin ka ci, kuma ba daɗin cin mutum in ba 'yan kallo.

Tsofaffin faifaina za su yi a sabon inji?

PS5 mai ramin faifai yana karɓar kusan duk na PS4, amma ba ya karɓar na PS3 ko PS2 ko PS1. PS2 yana cin na PS1. PS3 kowanne yana cin na PS1, na PS2 kuwa sai samfuran farko masu kauri. Xbox Series X ya fi kowa kirki a nan, yana buga da yawa daga na 360 da na farkon. Ka kula da PS5 Digital da Xbox Series S, ba su da ramin faifai sam, kuma a garin da data ke da tsada wannan arha ce da ba ta ado.

Kai kanka me kake bugawa in ka rufe shago?

Battle City, wasan tankoki na Namco na 1985, wanda mu muke ce wa Tank kawai. Ni da wani aminina tela da ke maƙwabtaka da ni, shi yana tsaron gaggafa a ƙasa, ni ina hawa sama. Shekara da shekaru yana harbin bangon gidanmu bisa kuskure yana cewa ni ne. Terminator ɗin da muke bugawa a kai na uku ke nan, adaftarsa tana zafi har sai mun ɗora ta a kan tasa mai ruwa a rufe, manetin na biyu kuma maɓallin B ya shige ciki, sai da tsinken ashana.